Ƙaro, Kuka da Kajin Ƙasar Gaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san abin da hunturu ke zuwa da shi ban da sanyi da ƙura. Cutar fakat, wadda masana ke kira Niyukasil, takan faɗa wa akurki ta share kajin gida cikin 'yan kwanaki. A karkara kuwa kaza ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani, a biya kuɗin makarantar yaro, a fita kunyar baƙo. Iyayenmu mata kan jiƙa sassaƙen maɗaci ko su zuba barkono a ruwan shan kajin, wani lokaci a dace, sau da yawa a tafka asara.

Wannan dabara ta neman taimakon tsirrai ba abin rainawa ba ce. A jikin tsirrai akwai wasu sinadarai da ake kira folisakarayid, wato ƙwayoyin sukari masu yawa da suka sarƙu da juna tamkar sarƙa. Irinsu ne ke sa yauƙin kuɓewa da na miyar kuka, su ne kuma jigon ƙaron da ake samu daga dakwara. Kaza ba ta iya narkar da wasu daga cikinsu, sai su gangara ƙarshen hanji su zama abincin ƙwayoyin halitta masu amfani. Idan waɗannan suka yawaita, sai su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su kuma hana masu cutarwa sakat. Wasu nau'o'in kuwa kai tsaye suke zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye cuta.

Tun da Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma a 2006, bincike ya karkata ga wannan fanni. A ƙasar Sin an gwada sinadarin saiwar wani tsiro mai suna astiragalus, aka ga kajin da suka sha shi tare da rigakafin fakat sun fi samar da dakarun kariya a jininsu.

Sai dai a yi hattara. Sinadarin mataimaki ne, ba ya maye gurbin rigakafi irin wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ke sarrafawa. Kuma ba kowane nau'i ne alheri ba: wanda ke cikin alkama da sha'ir yakan sa abinci ya yi danƙo a hanji, kaza ta kasa cin moriyarsa. Saboda haka kada a ɗura wa kaji ƙaro barkatai, domin ma'auni shi ne magani.

Ma'aunin nan kuwa aikinmu ne mu malaman jami'a. Ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, maƙwabciyar Gaya, ga Jami'ar Bayero a Kano. Ya kamata mu gwada ƙaro da kuka da kuɓewa a kan kajin Hausa da ke kiwo a tsakar gida, mu tantance adadin da ya dace, sannan mu bayyana sakamakon da Hausa. Ranar da matar Ajingi ta san abin da za ta auna a ruwan kajinta bayan an yi musu rigakafi, ranar ce bincikenmu ya isa inda aka aike shi.