Guzurin Ɗan Makaranta Yana Cikin Rumbu

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da kaka ta yi, sai a ga motoci maƙil da buhunan masara da waken suya sun nufi Kano da Kudu. Manomi ya karɓi kuɗinsa ya koma gida. Amma da sassafe ɗansa ya kan tafi makaranta da koko kaɗai a cikinsa, a ba shi 'yan kuɗin tara ya sayi alewa da biskit. Kafin a tashi yunwa ta kama shi, malam yana koyarwa, shi kuwa yana gyangyaɗi.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ciyar da 'yan firamare, aji 1 zuwa 3, a kan naira 70 kowane yaro a rana. A watan Janairu 2024 a ka dakatar da shi. Ko lokacin da a ke yinsa ma, sau ɗaya ne a yini, 'yan aji 4 zuwa 6 kuwa ba su ciki. Watau nauyin yana wuyan maigida.

Koko ba abin rainawa ba ne, amma yawancinsa ruwa ne da gari. Yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, ba ya gina jiki sosai. Abin da ke gina tsoka da jini, watau furotin, wajen kashi 9 ne cikin 100 a ƙwayar masara, a waken suya kuwa ya kusa kashi 40. Saboda haka gyaran ba wuya. A auna mudu 3 na masara ko dawa, a sa mudu 1 na waken suya. Amma fa kada a niƙa shi ɗanye, gama akwai wani abu a cikinsa da ke hana ciki narkar da abinci, wuta ce ke kashe shi. Sai a tsince, a soya a kasko har ya yi ja-ja, a ɓarza, a sheƙe, sa'an nan a haɗa a kai inji. Da garin nan uwargida za ta dama kunu mai kauri wanda zai riƙe yaro har azahar.

Na tara kuma, awara ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko dafaffen dankali sun fi biskit nesa. A ƙulla masa a 'yar roba mai murfi, ya wanke hannu kafin ya ci.

Sai maganar gyaɗa, inda a ke yin kuskure babba. Waɗansu su kan zaɓe mai kyau su kai kasuwa, su bar ruɓaɓɓiya da mai hunhuna a gida, yara su yi ta ci. Hunhunar nan tana da dafi da a ke kira afalatoksin, yana ɓata hanta, yana kuma da hannu wajen tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da shi. Wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane, ko tana ɗaci, a zubar, kada ma a ba kaji. Masara ma haka ta ke idan a ka shanya ta a ƙasa, ko a ka zuba ta rumbu da danshi.

Lalle ne a ware na yara tun a masussuka, kafin dillali ya iso da ma'auninsa. Wanda ya sayar duka da kaka, shi ne zai koma kasuwa da bazara ya sayi mudu ɗaya da tsada, in ma ya saya.