IN TAYA TA YI KUKA, ME TAKE FAƊA?

 Yau zancen mota na zo mana da shi, kuma don Allah kada wata ta juya shafi tana cewa ai wannan na maza ne. Su ne dai riƙe da sitiyari, amma wa ke zaune a gidan gaba? Su wa ake cusawa su shida su bakwai a baya ranar kai amarya? To ashe kuwa zancen namu ne.

Duk mai karatun littattafan soyayya ta san wurin nan da budurwa za ta ɓata wa saurayi rai a wajen zance, ya miƙe ko sallama babu, ya faɗa mota ya fizge ta, tayoyi su yi wani irin ƙiiii, ƙura ta turnuƙe ƙofar gida, ita kuwa ta bi shi da kallo gabanta na dukan uku-uku. Abin yana burge 'yan mata ba kaɗan ba, har samarin ma sun gane haka, shi ya sa ko ba a ɓata musu rai ba sai sun sa taya kuka kafin su bar layi. Amma wanda ya san mota in ya ji wannan kuka murmushi kawai zai yi, domin abin da tayar ke faɗa shi ne ta kasa kama ƙasa. Ƙarfin inji ya tafi a banza, roba ta ƙone, motar kuwa da an lallaɓa ta da tuni ta yi nisa.

Ni 'yar Tozai ce ta ƙasar Illela, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ta Nijar, kuma a wurinmu yaro ma ya san wannan, saboda yashi ne malaminmu. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyuka, hanya ta zama rairayi da burji, kuma rairayi ba ya jin kunyar kowa. Baƙo zai zo da sabuwar mota mai sheƙi, ya ga ta fara nutsewa, ya danna totur iya ƙarfinsa, tayar ta yi ta juyi wuri ɗaya tana haƙa wa kanta kabari har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sai ga tsohuwar fijo ta zo da lodin buhunan gero da mutane, ta wuce shi salin-alin.

Yayana ya yi shekaru yana jan irin wannan fijo 504, 'yar Kaduna, wadda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a can a 1975, yana lodin kasuwar Illela ta ranar Lahadi. Na taɓa ganinsa ya tsaya a bakin yashi ya tsuguna yana sace iskar tayoyinsa da tsinken ashana, na ce, "Yaya, lafiya? Kowa na neman iska kai kana zubarwa?"

Ya ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika sani ga mota? Miƙo hannunki." Na miƙa, ya buɗe tafin ya ce, "Kin ga wanga? Iyakar abin da taya guda ka taɓa ƙasa ke nan. Mota duk girmanta bisa tahin hannu huɗu take tsaye. In na rage iska, tayar ta baje awa ƙahwar raƙumi, sai ta hau bisa yashi ba ta nutse ba."

Wannan magana ta tafin hannu huɗu har yau ba ta bar kaina ba. Gudu da birki da shan kwana, duk a kan ɗan wannan wuri suke. Sauran dabarunsa ma duk a nan suka taru. Fijo da tayoyin baya take tura kanta, saboda haka buhu mafi nauyi a but yake sa shi, don ya danne tayoyin da ke aiki su kama ƙasa. In zai tashi a cikin yashi sau da yawa da giya ta biyu yake tashi, yana sakin kuloci a hankali kamar mai ajiye jariri, kuma in ya ji taya ta fara juyi a banza sai ya ɗaga ƙafa nan take. Ba banza ba irin wannan mota ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, a hannun wani direba mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson.

Abin da ya ba ni mamaki da na zo ina bincike don wani littafi da nake rubutawa, shi ne ashe Turawan da suka mai da tseren mota sana'a, ilmin nasu da na direbobinmu uwa ɗaya uba ɗaya ne. A Amurka akwai wani tsere na miƙaƙƙiyar hanya, babu kwana ko ɗaya, tsawonta rubu'in mil, wato mita 402. Motoci biyu ne za su jeru, fitila ta ba su kore, wanda ya riga isa ya ci. Tun 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa musu ƙungiya da ake kira NHRA, kuma dalilin kafa ta shi ne a kwashe samari daga tsere a titunan gari a kai su fili na musamman. Akwai rukunin da mutum zai zo da motarsa kusan yadda ya saye ta a kanti, kuma masana abin za su gaya maka cewa kafin ka taɓa inji, fara da taya, domin a ɗan gajeren tsere irin wannan tun a mita ashirin na farko ake ci ko a faɗi. Wanda tayarsa ta yi kuka a wajen tashi, ya bar wa abokin karawarsa.

To me suke yi? Suna rage iskar tayoyin baya, kamar dai Yaya a bakin yashi, don robar ta baje. Suna kwashe duk wani tarkace daga motar, wasu har batir suke mayarwa but don nauyi ya koma baya. Kafin su jeru sukan bi ta wani wuri da aka jiƙa da ruwa su juya tayoyin na ɗan lokaci har su yi hayaƙi, don robar ta ɗumama ta yi danƙo, tsakuwar da ta maƙale kuma ta zube. Wannan hayaƙin ne samarinmu suka gani a finafinai suka ɗauka shi ne wasan, alhali shiri ne kawai, kamar mai wanke tukunya kafin ɗora sanwa. Ita kanta hanyar fesa mata wani ruwan danƙo ake yi har takalmi na maƙalewa. Sannan babu mai shiga sai an duba motarsa, ya ɗaura bel, masu gudu sosai su sa hular kwano, ga katanga tsakaninsu da 'yan kallo, ga motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye.

Kuma kada ku ce babu mata. Shirley Muldowney ta zama zakarar rukunin motocin da suka fi kowanne gudu har sau uku, a 1977 da 1980 da 1982, a lokacin da mazan ke mata kallon raini. Amma ku ji abin da ya same ta: a 1984 a ƙasar Kanada tayarta ta gaba ta samu matsala tana tsakiyar gudu, ta yi mummunan haɗari, ƙafafunta suka kakkarye, sai 1986 ta iya komawa fili. Wannan fa gwana ce, da makanikai masu duba mata kowane ƙusa. Can kusa da mu ma, tseren Paris zuwa Dakar ya ratsa Agadas da Yamai tun karonsa na farko a 1979, kafin a mai da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020, kuma wata Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, ta cinye shi a 2001. Su ma in sun zo tudun rairayi sauka suke yi su rage iska.

Yanzu mu dawo gida mu dubi namu wasan motar, na ranar ɗaurin aure da kai amarya. Motar aro ce, ta baba ko ta yaya, ko 'yar Kwatano da ta gama shan duniya. Tayoyin gwanjo ne, zanensu ya suɗe sun yi sanƙo. Filin kuwa ƙofar gida ce ko filin makaranta, yara sun yi da'ira suna ihu, abokan ango na jan birkin hannu motar na juyi, wasu 'yan matan har zama suke a kan taga gyale na tashi. A nan so ake taya ta saki ƙasa da gangan, kuma tayar da ta saki ƙasa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki, sai inda nauyin motar ya kai ta.

Ina da ƙawa da muka yi sakandare tare, gado ɗaya ma muke sama da ƙasa. A bikin wata 'yar ajinmu aka cusa su a motar wani abokin ango, a hanya ya ga motar gaba ta yi masa nisa, 'yan matan na baya suna zuga shi wai kada a riga su. Dama an sace iskar tayoyin a hanyar ƙauye, da aka hau kwalta ba wanda ya tsaya wajen mai faci aka mayar. Ga zafin watan Afrilu, wanda a ƙasar Sakkwato yakan haura 40. Taya mai ƙarancin iska in tana gudu a kwalta lanƙwashewa take ta yi, tana ɗaukar zafi, har ta fashe. Haka ta baya ta yi, motar ta wuntsila. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, shi direban ma ko ƙwarzane bai yi ba, amma ƙawata ta yi wata huɗu a kwance, jarrabawar ƙarshe ta wuce ta, kuma har gobe da ɗingishi take tafiya. Wanda ya kawo mata kayan na-gani-ina-so ya zo dubiya sau biyu, daga nan sai 'yan uwansa mata suka fara zancen wai a dakata tukuna. Har yau ana dakatawa. In na je wurinta ba ta zancen, sai dai in mota ta yi ƙara a waje na ga ta runtse ido.

Ba sai kin zama bakanike za ki san motar da za ki shiga ba. Kafin ki buɗe ƙofa, ɗan sunkuya kamar mai gyara takalmi ki dubi taya. In kin ga ta yi sumul kamar kan tulu, ko zare ya fara leƙowa, ko gefenta ya tsattsage ko ya yi ƙullutu, to wannan ba ta da amana. Zurfin zanen bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a cikin kwarin zanen akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa, in saman tayar ya zo daidai da su ta gama aiki. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, shi ya sa ruwan farko na damina, wanda ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai ya yi santsi, yake kwashe masu sanƙo. A gefen kowace taya kuma akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: in kin ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, ko da zanenta na nan, domin roba na bushewa ko ba a more ta ba.

Sai gudu. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kafin ki ce "Wayyo Inna", kuma in an ninka gudu biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa huɗu yake yi. Ki tuna da tumaki da jakuna da amalanken shanu da ke faɗowa hanyar Illela zuwa Sakkwato ba sallama.

Na san abin da za ku ce, kunya. Yaya za a yi in ce wa saurayina ya rage gudu, ya ce na raina shi ko na cika ƙauyanci? Ai a nan kissa take aiki. Ke dai ja bel ɗinki ki ɗaura tun kafin ya tada mota, ko da zai yamutsa miki guga. In ya fara taka wuta, ba sai kin yi faɗa ba, ki karya murya ki ce, "Haba ranka ya daɗe, saurin me kake? Ko ka gaji da hirar tawa ne kake son ka sauke ni?" Ban ga namijin da zai ji wannan ƙafarsa ba ta yi sanyi ba. In kuwa motar 'yan kai amarya ce kika ga direban yaro ne ido ya yi ja, abokai na masa kirari, to ki ce kin manta jakarki a ɗaki, ki koma ki jira motar gwaggwanni, wadda dattijo ke ja. Za ku iso a makare, an gama rabon cingam da alawa, sai ki sa wata ta ajiye miki naki.