Abin da ya sa na'urar goge gilashi ke barin zane a taga

Mutane da dama da suka sayi na'urar goge gilashi ta hannu kan yi murna da aikinta a watannin farko, daga baya sai su ga ta fara barin zane-zanen ruwa a jikin taga. Nan take wasu kan ɗauka injin ne ya mutu, su jefar da ita. Alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce 'yar robar da ke bakinta ba.

Kamfanin Kärcher na ƙasar Jamus ne ya fito da irin wannan na'ura a shekarar 2008. Aikinta kashi biyu ne: robar bakinta tana share ruwan da aka fesa wa gilashi, injin da ke aiki da batir kuma yana zuƙe ruwan zuwa cikin ƙaramin tanki kafin ya gangara ƙasa. Wato roba ce ke goge gilashin, injin kwashe ruwa kawai yake yi.

Amfanin robar yana ga kaifin gefenta. Matuƙar gefen a miƙe yake, zai manne da gilashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ya barin ko ɗigo. Da zarar ya dakushe ko ya ɗan tsage, ruwa zai riƙa kuɓucewa ta wurin. Shi ya sa zanen kan fito a wuri guda duk lokacin da aka ja na'urar.

Abubuwa uku ne suka fi cinye robar: yawan aiki, zafin rana da ke sa ta bushe ta yi tauri, da kuma ƙura. A lokacin hunturu, ƙurar da ke kwanciya a taga tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, waɗanda ke cin gefen robar, har ma su karce gilashin. Saboda haka ya kamata a fara wanke ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma kafin a ɗora na'urar.

Idan zane ya bayyana, kada a yi gaggawar kashe kuɗi. A fara goge robar da ruwa mai tsafta, domin wani lokaci datti ne kawai ya maƙale. Idan hakan bai yi magani ba, a yawancin na'urorin Kärcher ana iya zare robar ta gefe, a juya ta, a jiƙa ta da ruwa ko ruwan sabulu domin ta yi santsi, sannan a mayar da ita gurbinta. Ta haka ɗaya gefen da bai taɓa aiki ba zai karɓi aikin.

Sai gefen biyu sun ƙare ne za a nemi sabuwa, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Bakin na'urorin Kärcher da aka fi sani iri biyu ne: mai faɗin milimita 280 na manyan tagogi, da mai milimita 170 na ƙananan gilasai. Samfurin WV 6 kuwa robarsa ta silikon ce, kuma ƙirarta daban take. Don haka a auna faɗin bakin, a duba lambar samfurin, ko a riƙe tsohuwar robar zuwa shago a gwada.

Bayan kowane aiki, a zubar da ruwan tanki, a ɗauraye robar, a ajiye na'urar a inuwa yadda bakinta ba zai danne wani abu ya lanƙwashe ba. Kuɗin roba kaɗan ne idan aka kwatanta da na sabuwar na'ura, kuma duk wadda aka jefar tun kafin ta mutu, da lafiyayyen batirinta take tafiya juji.