SULHU KO KURKUKU: WANNE YA FI AMFANAR MUTANEN GAZARA?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a lokacin saran rake, ya ratse zuwa ƙasar Makarfi, zai ga yadda arzikin yankin nan ya rataya a wuyan samari. Su ne ke sara, su ɗaure, su yi dako zuwa bakin hanya, su loda wa manyan motoci. Haka abin yake a Gazara, haka kuma a ƙauyukan Kudan da Ikara, inda rake da masara da tumatir da barkono su ne abin da talaka ke taƙama da shi. Saboda haka ranar da aka ɗauke saurayi guda aka kulle, gidansu ya rasa mai riƙe fartanya, kuma sau da yawa ba wanda ya san ranar da zai dawo.

Bari mu ɗauki misali. A ce yaro ɗan shekara 19 ya shiga gonar maƙwabcinsu da dare, ya sari rake dami biyu ya sayar. Mai gona ya fusata ya kai ƙara caji ofis, aka kai yaro kotu, aka tura shi gidan waƙafi domin ba mai tsaya masa beli. Mai gona zai riƙa barin aikinsa yana biyan kuɗin mota duk ranar zama, ana ta ɗage shari'a. In an yi sa'a an yanke hukunci, sai a ce tara ko ɗauri. Tarar nan kuwa baitulmalin gwamnati za ta shiga, ba aljihun mai rake ba. Uwar yaro ta sayar da akuyarta, gidajen biyu sun daina gaisuwa, shi kuma yaro ya fito bayan ya kwana ɗaki guda da ƙwararrun ɓarayi, ya koyi abin da bai sani ba. To, a cikin mutanen nan duka wa ya ci riba?

Wannan tambaya ce wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu suka daɗe suna yi wa hukuma. Fitacciya daga cikinsu ita ce PRAWA, ƙungiyar kula da gyaran hali da jin daɗin fursunoni, wadda Dokta Uju Agomoh ta kafa a 1994. Ra'ayin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne, laifi rauni ne da aka yi wa wani mutum da kuma zaman tare, don haka abu na farko da ya kamata shari'a ta duba shi ne yadda za a warkar da raunin: a mayar wa wanda aka cuta haƙƙinsa, mai laifi ya amsa laifinsa gaba da gaba, sa'an nan a buɗe masa hanyar komawa cikin jama'a.

CINKOSO A GIDAJEN YARI

Abin da ya ƙara wa maganarsu ƙarfi shi ne halin da gidajen yarin ƙasar nan suka shiga. Shekaru da dama alkaluman hukumar gidajen yari ita kanta suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a kawai suke yi. Babban kurkukun Kaduna tun 1915 aka gina shi, lokacin da garin bai wuce sansani ba. A ƙarshen watan Maris na 1920 ba wanda zai yi zaton za a wayi gari ya cika ya batse, amma shekara 100 bayan haka, a ƙarshen Maris na 2020, tsoron annobar korona a cikin cinkoso ya jawo tarzoma a gidan har aka yi asarar rayuka.

Wani abin lura kuma ya faru a watan Nuwamba na 2023, sa'ad da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa, bayan an tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya musu tara da diyya. Watau mutane sama da dubu huɗu suna kwance a kurkuku, gwamnati na ciyar da su, alhali alƙalai da kansu sun riga sun yarda a sake su in sun biya kuɗi. Talauci ne ya riƙe su.

ABU NE DA MUKA GADA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani sabon ra'ayi ne da aka yo mana aronsa daga Turai. A ƙasar Zazzau, tun kafin a san caji ofis, ɓarnar gona da faɗan samari da rikicin iyaka a zauren mai unguwa ake fara kai su. In abin ya gagara a wuce wurin dagaci, daga nan sai hakimi, kuma liman da dattawa na zaune. A kan tura amintattu su kimanta ɓarna, mai laifi ko iyayensa su biya, a yi masa faɗa a gaban jama'a, a shafa fatiha. Shari'ar Musulunci ma ta ba sulhu babban matsayi. Ko a kan jini, ta ba magada zaɓi tsakanin ƙisasi da karɓar diyya da yafewa, ta kuma kwaɗaitar da yin afuwa.

Dokokin zamani ba su rufe wannan ƙofa ba. Kundin laifuffuka na Jihar Arewa, watau Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba alƙali iko a sashe na 78 ya sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ko dai a haɗa da wani horo ko kuwa a maimakonsa. Amma bayan da Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yari daga hannun En'e a 1968, aka kuma raba sarakuna da kotuna da 'yan doka, sai zauren dagaci da ɗakin shari'a suka yi ta nisa da juna. Gyaran da aka yi a Jihar Kaduna a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, ɗan wannan yanki, ya kawo kotunan Shari'a da na al'ada kusa da mutane, amma tara da ɗauri suka ci gaba da zama abin da aka fi sabawa da shi.

ABIN DA SABABBIN DOKOKI SUKA TANADA

Kiraye-kirayen ƙungiyoyi da lauyoyi bai tashi a banza ba. A 2015 aka zartar da dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2017. Dokar Tarayyar ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta umurci majistare ya riƙa kewaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Har ila yau ta ba alƙali damar yin ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ya sa mai laifi aikin amfanin jama'a maimakon kurkuku.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Dokar ta kafa wani sashe na musamman don horon da ba na tsarewa ba, ta kuma ambaci sasanta mai laifi da wanda ya cuta, da zaman dangi, da sulhun jama'ar gari, ko kafin shari'a, ko ana cikinta, ko bayan hukunci. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu.

Ashe ke nan doka ba ita ce ta rage ba. Alƙalin da ke zaune a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi zai so ya ce wa yaron nan na misalinmu ya biya raken da ya sara, ya kuma yi wata guda yana sharar asibitin gari. Amma wa zai tabbatar masa yaro ya je? Wa zai kawo masa rahoto? In bai ga mai ɗaukar wannan nauyi ba, tilas ya koma ga abin da ya saba. Wannan shi ne gurbin da ƙungiyoyin sa kai za su cike, kuma galibinsu a Abuja da Ikko da Inugu da sauran manyan birane suke, ƙafarsu ba ta cika isa ƙauye ba.

Akwai wuraren da za a yi koyi da su. A Kano an kafa Zauren Sulhu a unguwanni zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, tsakanin 2003 da 2011. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a dā suka yi gaba mai tsanani, sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Ƙasar Ruwanda kuwa, bayan kisan ƙare dangi na 1994, kotunan gargajiya na gacaca ta farfaɗo, suka saurari shari'u kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, ko da yake an soke su kan rashin lauyoyi ga waɗanda ake tuhuma.

INDA SULHU YA TSAYA

Lalle ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Akwai masu cewa in aka sassauta, ɓarayi za su raina hukuma, kuma a lokacin da satar mutane da satar shanu suka addabi sassan Arewa, wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Dokar 2015 ta kula da haka, gama ta hana wannan sassauci ga laifin da aka yi da makami, da laifin fyaɗe da makamantansa, da duk wanda horonsa ya wuce ɗaurin shekara uku.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Sau nawa ake yi wa yarinya fyaɗe, manya su taru su ce a rufa asiri, a ba uba 'yan kuɗi a ce an yi sulhu? Sau nawa talaka kan yafe wa mai hali domin ba shi da bakin cewa a'a? Irin wannan zalunci ne aka sa wa rigar sulhu. Sulhu na gaskiya sai da yardar wanda aka cuta ba tare da tursasawa ba, da amsa laifi, da rubuta abin da aka ƙulla a kai wa alƙali ya gani. In mace ce aka cuta, a tabbata ita ce ta yi magana da bakinta.

To, a nan aikin ya faɗo kan ma'aikata da ɗalibai, masu karanta wannan shafi. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai da ake da su a Gazara da kewaye suna iya zaɓar mutane kaɗan masu mutunci, maza da mata, su je su gabatar da kansu ga alƙali da baturen 'yan sanda da hakimi, a san cewa akwai masu tsayawa su lura da yaron da aka ba aikin jama'a. Ɗaliban koyon aikin lauya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo suna iya fassara wa mutane waɗannan dokoki da Hausa lokacin hutu. Wanda ɗan'uwansa ya daɗe a tsare ba shari'a kuma, a nuna masa hanyar Hukumar Ba Da Taimakon Lauya Kyauta, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da ya sari raken nan, ko an ɗaure shi ko ba a ɗaure shi ba, Gazara zai dawo, a masallaci guda zai yi salla da mai gonar, a kasuwa guda za su yi ciniki. Ya rage ga mutanen gari su zaɓi irin mutumin da suke so ya dawo musu. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon yin adalci, amin.