NONON UWA DA LAFIYAR ZUCIYARKI

Uwargida, a kwanakin farko na jego, in jariri ya kama nono, kina jin mararki tana murɗawa? Kada ki tsorata. Aikin wani sinadari ne mai suna oksitosin, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwarki ya bi jini. Shi ke sako nono, shi ke matse mahaifa don jini ya tsaya.

Zuciya ma tana amfana da shi. Yakan sa ta saki wani sinadarin da ke taimakon ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Jijiyoyin jini su saki, hankali ya kwanta. A 2022 an haɗa binciken da aka yi kan mata fiye da miliyan ɗaya, aka ga waɗanda suka shayar ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kamar waɗanda ba su shayar ba. Masana suna ganin oksitosin yana cikin dalilan. Sun gwada shi kan ɓeraye masu ciwon zuciya, an ga alamar sauƙi, amma har yanzu ba a ba mutum shi don maganin zuciya ko hawan jini. Duk wanda ya ce miki haka, kuɗinki yake so.

Akwai allurarsa. Mu muke yi miki ita a asibiti da zarar jariri ya faɗo, don kada jini ya ɓalle. A firji ake ajiye ta, domin zafi yana kashe ƙarfinta.

KADA KI YARDA A YI MIKI "ALLURAR NAƘUDA" A GIDA KO A KEMIS. In aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba, mahaifa tana iya fashewa, jariri ya galabaita a ciki, zuciyarki ta riƙa bugawa da sauri. Gaggawar nan ta ci rayuka.

Ki sa jariri a ƙirjinki, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi ba dauɗa ba ne, kada a zubar. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata.

Shayarwa ba ta hana awo ba. Ki rage kunun kanwa da gishiri, suna wahal da zuciyar mai jego. In ƙafafunki sun kumbura, ko kina haki, ko ba kya iya kwanciya sai a zaune, kada a jira arba'in. Maigida ya kawo ki asibiti ran nan.