Faston Ƙauye: Shi Kuma Wa Ke Riƙe da Shi?



A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yawancin ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma na manoma. Wasu suna ɗauka aikin fasto wa'azin ranar Lahadi ne kawai. Amma wanda ya zauna kusa da gidan fasto ya san ƙofarsa ba ta rufuwa.

In naƙuda ta yi wa mace gardama da dare, shi ake tasa ya nemo abin hawa zuwa asibiti. In masu rigakafi sun shigo gari, shi ke kwantar wa iyaye hankali su fito da yara. Irin wannan haɗin kai na shugabannin al'umma, Musulmi da Kirista, ya taimaka har aka tabbatar a 2020 cewa ainihin ƙwayar cutar shan inna ta daina yaɗuwa a Nijeriya. In shanu sun shiga gona, shi ke raka dattawa wurin mai unguwa a sasanta kafin magana ta yi tsami. Da rani kuma ya buɗe ajin yaƙi da jahilci. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, amma wanda bai iya karatu ba sai ya jira a karanta masa.

To, wa ke ciyar da shi? A tsarin Baptis kowace ikkilisiya tana cin gashin kanta ne. Ita ke kiran fastonta, ita ke biyansa. Babbar ƙungiyar Baptis ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1914, tana da makarantun horar da fastoci, kamar ta Kaduna, amma tuwon gidan fasto daga baikonku yake fitowa. Da kaka baiko yana da auki. Daga Yuli zuwa Agusta kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, baiko yakan ja baya, alhali a lokacin ne masu zazzaɓi da masu neman rancen hatsi suka fi zuwa ƙofarsa.

Shi ya sa faston ƙauye yakan riƙe fartanya. Ba abin kunya ba ne, Manzo Bulus ma ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa. Amma in gona ta cinye masa mako, ziyarar marasa lafiya za ta tsaya. In kuma kuɗin makarantar yara ya gagara, wata rana zai koma birni, ikkilisiya ta zauna ba makiyayi.

Ga abin da za mu iya yi, ko ba kuɗi a hannu:

1. A sa rana a yi gayya a gonar fasto, lokacin shuka da noman farko.
2. Da kaka kowane gida ya kawo mudun masara, dawa ko shinkafa a zuba a rumbun ikkilisiya, a ajiye don damina. Mutum biyu su riƙe lissafi, ɗaya daga zumuntar mata.
3. A yanke albashin da za a iya biya, a kuma biya a kan kari.

Dattawa da dikinoni, ku kawo wannan magana a taron ikkilisiya na gaba, tun hatsi yana hannu. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.