Wa Ya Kawo Mai Saye? Wutsiyar Adireshi da Lissafin Talla a Intanet

A Kantin Kwari mai shago ba ya shan wahalar sanin wanda ya kawo masa ciniki. Dillali zai shigo gaba, baƙo na biye da shi, a taya, a sallama, a ɗaure kaya, dillali ya ja gefe yana jiran la'adarsa. Ido ya gani, babu gardama. Shagon intanet kuwa ba shi da bakin ƙofar da za ka shimfiɗa darduma ka ga masu shigowa. Da safe ka buɗe waya ka tarar an yi odar turmi uku cikin dare, amma ba ka sani ba ko tallan da ka biya a Facebook ne ya jawo mai sayen, ko bidiyon da wata mai tashe a TikTok ta yi maka, ko kuwa ƙanwarka ce ta ɗora hoton atamfar a WhatsApp. Kowanne ka tambaya zai ce aikinsa ne, kuma kowanne yana jiran ka ƙara masa kuɗi wata mai zuwa.

Dabarar da 'yan kasuwar intanet suka fi amfani da ita wajen raba wannan gardama ita ce ɗaura wa adireshin shagon wata 'yar wutsiya. Duk mai latsa mahaɗi a waya ya taɓa ganinta, ko da bai kula ba. Bayan sunan shafi sai alamar tambaya, sannan wani dogon rubutu ya biyo baya, kamar haka: ?utm_source=instagram&utm_medium=talla&utm_campaign=sallah. Wutsiyar ba ta canza shafin da za a buɗe. In ka guntule ta, shago ɗaya za ka shiga, kaya ɗaya za ka gani, farashi ɗaya. Aikinta kawai ta raɗa wa mai shago cewa wannan baƙon daga wuri kaza ya fito.

Gaɓoɓi biyar ne aka saba da su, amma uku ne ginshiƙi. Ta farko, utm_source, tana faɗin inda mutum ya fito: Instagram ne, ko Facebook, ko sunan wanda ya tallata maka. Ta biyu, utm_medium, tana faɗin irin hanyar: tallan kuɗi ne, ko imel, ko saƙon tes. Ta uku, utm_campaign, sunan da ka raɗa wa gangamin tallan ne, kamar na Sallah ko na komawa makaranta. Sauran biyun, utm_content da utm_term, na masu son bin diddigi ne, misali in kana gwada hotuna biyu kana son sanin wanda ya fi jan ido. Kai kake rubuta abin da ke bayan kowace alamar daidai, da Hausa ma in ka so. Google yana da shafi na kyauta da ke haɗa maka wutsiyar in ka cike gurabe.

Haruffan UTM sunan wani tsohon kamfani suke ɗauke da shi. Urchin, na birnin San Diego a Amurka, yana sayar da manhajar ƙidayar masu ziyartar shafuka. Google ya saye shi a 2005, a ƙarshen shekarar kuma ya fito da Google Analytics a kan wannan tushe. Sunan Urchin ya ɓace daga kasuwa, harafinsa na farko ya tsira a jikin adireshi. Ita kanta dabarar ta girmi kwamfuta. Masu sayar da kaya ta gidan waya a Amurka kan buga talla ɗaya a jaridu da yawa, kowace jarida da 'yar lambarta daban a jikin takardar da mai saye zai yanko ya aiko. In wasiƙu sun taru sai a ware su, a ga jaridar da ta biya kuɗin tallanta da wadda ta ci banza. Claude Hopkins ya yi bayanin wannan a littafinsa Scientific Advertising na 1923.

Ga abin da ke faruwa in an latsa. Shafin shagon yana ɗauke da ɗan rubutun kwamfuta na Google Analytics ko makamancinsa. Mutum na shigowa rubutun zai karanta wutsiyar, ya ajiye wata 'yar shaida a burauzar wayarsa, wadda ake kira kuki. In ya zaɓi kaya ya biya, sai a haɗa cinikin da wutsiyar da ya shigo da ita. Manhajojin buɗe shago irin su Shopify da WooCommerce ma suna nuna wannan bayani a jikin oda.

Amfanin yana fitowa ne in an zo lissafi. A ce mai sayar da turaren wuta ta ba wa mai tashe a TikTok naira dubu hamsin, ta kuma kashe dubu ashirin a tallan Instagram. TikTok ya turo mutum dubu biyu, biyar suka saya. Instagram ya turo ɗari uku, sha biyu suka saya. In yawan masu shigowa take kallo, za ta ce TikTok ne gwani. In ta raba kuɗin da yawan masu saye, sai ta ga kowane mai saye na TikTok ya ci mata dubu goma, na Instagram bai kai dubu biyu ba. 'Yan kallo ba sa biyan kuɗin haya.

Sai dai aikin yana son tsabta. Na'ura ba ta san cewa Facebook da facebook da fb abu ɗaya ne ba, layi uku za ta buɗe musu, lissafi ya watse. Gara a zauna tun farko a tsayar da sunaye, duk da ƙananan baƙaƙe, a rubuta su a wuri ɗaya inda yaran shago za su riƙa dubawa. Kada a ɗaura wutsiya a mahaɗin da ke kai mutum daga wani shafi na shagon zuwa wani, don hakan yana rikita asalin inda ya fito. Kada kuma a sa sunan mai saye ko lambar wayarsa a ciki. Kowa na iya karanta wutsiya, ƙa'idojin Google sun hana, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Abin da na fi so mai shago ya riƙe shi ne iyakar abin da wutsiya ta sani. Ƙofar da mutum ya shigo ta gani, ba ta ga wanda ya shawo kansa ba. Ɗauki mace da ta ji tallan shagon a rediyo ranar Litinin tana girki. Laraba ta ga bidiyon a TikTok, ta kalla har ƙarshe, ba ta latsa komai ba. Juma'a a gidan suna ta ji ƙamshin turaren a jikin ƙawarta, ta tambaya. Da dare ta rubuta sunan shagon a Google, ta shiga, ta saya. Lissafin da ke ba wa latsawar ƙarshe lada duka zai ce Google ne ya kawo ta, alhali shi ƙofa kawai ya nuna mata. Mai shagon da ya gaskata wannan zai yanke tallan rediyo da na TikTok, bayan wata biyu ya rasa dalilin da masu neman sunansa a Google suka ragu. A ɗaya ɓangaren, kowane dandali da nasa mudu yake awo. Facebook kan lissafa ciniki a matsayin nasa in mutum ya saya cikin kwana bakwai da latsa tallan, ko cikin kwana ɗaya da ganinsa kawai. Shi ya sa in ka tara abin da kowanne ya ce ya sayar maka, yakan zarce abin da ya shiga asusunka. Dillalai uku ne ke neman la'ada a kan buhu ɗaya.

Akwai kuma masu shigowa ba shaida, waɗanda rahoto ke zubawa a rukunin "kai tsaye", kamar da hannunsu suka rubuta adireshin. Da yawansu daga saƙonnin sirri suke. Wani ɗan jarida, Alexis Madrigal, ya ja hankali kan wannan a mujallar The Atlantic a 2012, ya nuna cewa yawancin abin da mutane ke tura wa juna ta imel da hira ba ya barin sawu. A wurinmu da WhatsApp ya zama dandalin unguwa, wannan rukuni ba ƙarami ba ne. Wutsiyar ma tana iya yin shaidar zur: wanda ya kwafi mahaɗi daga Instagram ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan uwa, duk wanda ya latsa daga can za a rubuta shi ɗan Instagram.

Kamfanonin waya su ma sun matse hanya. Tun 2019 burauzar Safari ta kamfanin Apple ta taƙaita ran irin waɗannan kukis zuwa kwana bakwai. A 2021 Apple ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai iPhone, a 2023 kuma ya fara goge wasu lambobin bin sawu, irin gclid na Google da fbclid na Facebook, daga mahaɗin da aka buɗe a wasu manhajojinsa. UTM ta fi su tsira, domin talla take bayyanawa, ba mutum ba.

Babbar ɓarakar a kasuwarmu ita ce ciniki ba ya ƙarewa a shafi. Mai saye za ta duba kaya, ta koma WhatsApp ta ce, "Hajiya, nawa na ƙarshe?" A yi ragi, ta yi tiransifa, ta turo hoton rasit, a ba ɗan sahu ko direban tasha saƙo. Google Analytics ya ga shigarta, bai ga kuɗinta ba. A nan tsohuwar dabarar masu gidan waya ce ke aiki. Mahaɗin wa.me yana karɓar rubutun da aka shirya tun farko, don haka na TikTok sai ya buɗe da "Salam, daga TikTok na ga turaren", na Instagram da nasa. Mai talla a rediyo a ba shi kalmar rangwame tasa shi kaɗai, wadda mai saye za ta faɗa a rage mata ɗari biyar. Takardar da ake liƙawa a jikin kwali a sa mata lambar QR mai wutsiyarta. Yarinyar da ke amsa saƙonni kuma ta saba da tambayar "A ina kika ji labarinmu?", ta rubuta amsar a littafin ciniki kusa da kuɗin. In har yanzu ana shakkar wani talla, a dakatar da shi mako biyu ko uku, a lokacin da ba Sallah ba kuma ba ƙarshen wata ba, a bar sauran yadda suke, a duba littafin a ga ko oda ta ragu.